Neman Iri a Zauren Alhaji Mudi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Juma'a ba, ko da ma na so in manta 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba. Ranar ce na kusa rushe auren ƙanina da bakina, ina sanye da babbar riga, ina murmushi, ina ganin duk cikin badala babu wanda ya kai ni iya magana.

Bari in fara da ciwon da ya jawo mini. Ni malamin makaranta ne a Goron Dutse, amma 'yan shekarun nan na faɗa wani irin noma da 'yan boko ke kira famakalca. Kada sunan ya firgita ka. Noma ne da ba a zubar da komai: ruwan wanke-wanke a juya shi gindin ayaba, kashin kaji da na awaki ya zama taki, busasshen ganye a lulluɓe ƙasa da shi don kada rana ta shanye danshi, ba feshi, ba takin zamani. Da yake a cikin gari ba mu da fili, rufin ɗakina na mayar gona. Tsofaffin tayoyi, buhunan siminti, fasassun robobi, kowanne da abin da ke tsirowa a ciki. (Hajiyarmu ba ta taɓa kiran wurin gona ba. Bolar Malam take cewa, ko da a gaban baƙi ne.)

Mu masu wannan ra'ayi ba mu da yawa, shi ya sa muke riƙe da juna. Muna da zaure a waya inda ake wuni ana musu a kan tsutsar taki, kuma duk shekara idan an kawar da amfanin gona mukan haɗu a gari guda, a ga juna, a ji abin da kowa ya gwada ya yi kyau da wanda ya gwada ya sha kunya. A shekarar da nake ba da labari Kano ce mai masauki, ni kuma da shegen son a sani na ɗaga hannu na ce a bar mini komai. Muka ari harabar wata makaranta da ke hutu. Baƙi suka zo daga Zariya da Katsina da Jos da Bauchi, har da Maraɗi da Damagaram.

Babban abin taron shi ne musayar iri, a ranar rufewa. A shimfiɗa tabarmi, kowane gari ya baje irin da ya gada, wanda ba a samu a shago, ka ɗiba ka bayar, ba saye ba sayarwa. Katsinawa sun zo da wani tsohon gero, mutanen Maraɗi da wake mai nuna ko da damina ta yi gardama. Mu masu masauki kuwa da na duba jakarmu, zogale ne kawai a ciki, abin da ko a bakin kwata fitowa yake. Kishin Kano ya taso mini. Na miƙe a gaban jama'a na ce su saurari gobe, zan kawo musu irin wata kabewa da babu kamarta a ƙasar Hausa. Aka yi mini tafi, na zauna ina jin kaina.

Kabewar ba tawa ba ce. Ta maƙwabcinmu ce, Alhaji Mudi, tsohon ɗan kasuwar fata, wanda bayan gidansa ke jingine da namu. Doguwa ce mai wuya, gadon kakarsa, a ajiye ta shekara a ƙarƙashin gado ba ta ruɓe ba. Alhaji ba marowaci ba ne, yakan raba ta ga maƙwabta, amma sai an yanka an kwashe 'ya'yan cikin tas. Mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya sai da dalili, dalilin ma sai ya duba shi sau biyu.

Ga kuma abin da ya kamata a ce ya tsaya mini a rai. Ƙanina Nasiru yana neman 'yar Alhajin, Rukayya. Mahaifinmu ya rasu Nasiru bai gama firamare ba, a hannuna ya girma, kuma ban taɓa ganin yana son wani abu yadda yake son yarinyar nan ba. Ya daɗe yana lallaɓa Alhaji, durƙuso a nan, rakiya masallaci a can, har dai aka samu Alhaji ya ce ya turo magabatansa. Kawunmu kaɗai ake jira ya dawo daga Umara. Hajiya ta ja kunnena, ta ce, "Ka bi mini mutumin nan a hankali. Kafin a yi maganar nan, ko ruwan bolarka kada ya ɗiga a katangarsa."

Na san duk wannan. Wallahi na sani. Amma kwanakin taron nan na faɗi kalmar iri, na ji an faɗe ta, har na manta tana da wata ma'ana ban da abin da ake shukawa.

Bayan an sauko daga Juma'a na faɗa wa dattawa biyu cikin baƙinmu matsalata. Ɗaya Malam Isuhu ne na Maraɗi, mai farin gemu har ƙirji, ɗayan kuma Baffa Jauro, Bafulatani daga wajen Bauchi da ya rage kiwo ya koma renon bishiyoyi.

Malam Isuhu ya ce, "Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Mu sai goro, mu tahi mu ukku, shina ganin hurhura za ya ji nauyi."

Na ga shawara ta yi. Muka sayi goro mai kyau, farare manya. Ni kuma don in nuna na fi su sanin ya kamata, na ƙara da ƙatuwar ledar alewa. (I, na sani. Kai da kake karantawa ka riga ka gano. Ni da na yi shekara arba'in da 'yan kai a garin nan, na halarci neman aure ba adadi, ban gano ba.) Bayan la'asar muka shiga lungu, mu uku, kowa da babbar rigar Juma'a, goro da alewa a gaba.

Alhaji na zaune a zaure. Ya dube ni, ya dubi dattawan, ya dubi gorona. Sai ya miƙe da sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce mu ɗan ba shi lokaci. Ya shiga ciki ya canjo hula, aka naɗe tabarma aka shimfiɗa darduma. Ya ɗauki waya ya kira ƙaninsa, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya kira Liman. Na sunkuya na raɗa wa baƙina, "Kun ga karamcin Kanawa ko?"

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi hanya da iyali da damina. Liman ya gyara zama ya ce, "To, muna saurare."

Malam Isuhu ya buɗe baki zai yi magana, na dafa gwiwarsa. Na riga na yanke cewa ni zan yi, don a ganina baƙo zai kira abin gatsau ya ɓata mana shiri. A Kano ba a faɗa wa babba buƙata kai tsaye, zagaya ta ake yi, a yabe ta, har shi da kansa ya miƙo. Na ƙudura ba zan ambaci sunanta ba sai ya yi laushi.

Na ce, "Alhaji, maƙwabtakarmu ba ta yau ba ce. Mun ga abin alheri a gidan nan, mun yaba, mun ga bai kamata ya wuce mu ba. Shi ne muka zo neman iri."

"Masha Allah," in ji Liman.

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ɗago, na ga idonsa ya ɗan yi ja. Ya ce, "Na daɗe ina jiran wannan rana. Sai dai na zaci sai Kawunku ya dawo."

A raina na ce, tsofaffi ke nan, ko kayan miya sai an bi ta kan kawu. A fili kuma na ce, "Ai abin na gaggawa ne, Alhaji, ba zai jira Kawu ba."

Baba Ƙarami ya ɗaga gira. "Gaggawa? Lafiya dai ko?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Ta riga ta ƙosa ne. Kowa ya gan ta ya san ta ƙosa."

Liman ya yi gyaran murya ya ce yaran zamani sai haƙuri, amma don a tabbatar a gaban shaidu, da yake a gidan ba guda ɗaya ba ce, wacce muke nufi? Ni kuwa na san Alhaji na da kala biyu a bayan gida, akwai wata 'yar kewayayya da ba ta kai ba.

Na ce, "Doguwar nan mai wuya. Wadda kullum take jikin katangarmu. Kwanan nan ma har ta fara leƙowa gidanmu."

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Leƙowa take yi?"

"Sosai. Ni ma kullum da safe idan na hau sama ban ruwa sai na tsaya na ƙare mata kallo."

"Kai ɗin?" in ji Alhaji.

Liman, Allah ya saka masa, ya yi maza ya shiga tsakani. Ya ce ai babban wa uba ne, haƙƙinsa ne ya yi bincike. Da na ji kalmar bincike sai kaina ya ƙara girma, na ce a raina, ashe har Liman ya san aikin da nake yi a saman ɗaki. Na gyara hannun riga na shiga zuba.

"Bincike kam na yi shi, Allah gafarta Malam. Ba ta da laulayi. Ba ta da shan ruwa. Duk inda ka ajiye ta, ko ƙarƙashin gado ne, za ta shekara ba ta canja ba. Ga ta da jure wahala, ga uwa uba yawan 'ya'ya."

"Allah ya sa, Allah ya sa," in ji Liman, yana kallon rufin zaure.

A nan ne na ji an taka mini ɗan yatsa. Baffa Jauro ne. Bai san da wata Rukayya a duniya ba, amma ya aurar da 'ya'ya da yawa, ya fara jin ƙanshin abin da ke faruwa. Ya zaro mini ido. Ni kuma na ɗauka cewa yake in ƙara wuta, na gyaɗa masa kai alamar ya bar mini.

Alhaji ya ɗauki carbinsa ya ja. Daga bisani ya ce, "Yabonka wani iri ne, Malam, amma na san gidanku, na san mahaifinku. Na ba ku."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Na ji motsi a bayan ƙofar cikin gida, kamar wani ya bar wurin da gudu, ban kula ba. Daɗi ya rufe ni, ina hango fuskar Katsinawa gobe. Baba Ƙarami ya jawo ledar goro gabansa ya ce saura tsai da lokaci, sai mu je mu yi shawara.

Na ce, "Wace shawara kuma, Baba? In da hali yau za mu tafi da ita. Ko a buhu ne a sa mana ita, adaidaita za mu tara."

"A buhu," in ji Alhaji, a hankali.

Baffa Jauro ya daina taka ni, ya koma ja mini riga da hannu biyu. Na fizge.

"Don gobe baƙi za su watse, Alhaji. Da safe za mu yanka ta a gaban jama'a, a raba. Mutanen Katsina su samu, na Maraɗi su samu, na Jos ma su tafi da nasu. Kai ma za mu aiko maka da rabi a yi miyar taushe."

Goron da Baba Ƙarami ya ɗauka ya tsaya tsakanin hannunsa da bakinsa. Liman ya ce innalillahi a ciki-ciki. Ina duban fuskokinsu ina neman inda na yi kuskure, sai daga can tsakar gida wata mata ta rangaɗa guɗa. Wata ta karɓa. Albishirin "na ba ku" ne ya isa wurin mata.

Guɗar nan ce ta buɗe mini kai. A lokaci guda na ga goro, na ga alewa, na ga dattawa biyu da Liman, na tuna Rukayya doguwa ce, na tuna duk abin da bakina ya faɗa tun daga ƙosawa har zuwa buhu. Gumi ya karyo mini ta ƙarƙashin hula. Na buɗe baki, muryar da ta fito ba tawa ba ce, wata 'yar siririya ce.

"Kabewa nake nufi, Alhaji."

Na zaci wannan zai gyara. Ashe nan ne ɓarnar take. Alhaji ya dube ni, ana ta guɗa a bayansa, ya ce, "Wato ba 'yata kuka zo nema ba."

"A'a... wato, i, za a zo, amma ba yau ba..."

"Na tara ɗan'uwana da Liman. An shafa fatiha. Yarinya na ciki ana yi mata guɗa, maƙwabta suna ji. In shiga in ce mata me? In ce kayan miya aka zo nema?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tura ledar goron gabana da bayan hannu. "Ɗauki abinka. Ka gaida Hajiya, ka ce mata na ga matsayin gidana a wurinku."

Ban san yadda na sa takalmi ba. Malam Isuhu dai tun daga zaure har bakin titi abu ɗaya yake maimaitawa da Hausarsu ta Maraɗi, wai ashe 'ya ce Alhaji ke nufi: "Ɗiya ta! Ashe ɗiya ta mutumin ka nuhi!"

Kafin in isa gida guɗa ta riga ni, ta tsallaka katanga. Na tarar da mata biyu suna yi wa Hajiya barka, ita kuma tana amsawa da yaƙe, don ba ta san wa ya je ba, da izinin wa. Da suka fita na durƙusa na faɗi gaskiya. Ba zan maimaita abin da ta ce ba, amma bola ta fito a ciki ba sau ɗaya ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya karya ni Nasiru ne. Yana tsaye a bakin ƙofa, bai yi faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, ka san daɗewar da na yi ina lallaɓa mutumin nan." Ya juya ya shiga ɗaki. Na fi son a ce marina ya yi. Yaron da na yi wa alkawari a raina ba zai yi maraicin uba ba, ni ne na tsaya masa a hanya saboda tafin mutanen Katsina.

Washegari na baje zogalena a tabarma, kaina a ƙasa. Ba wanda ya tambaye ni kabewa, don labari ya riga ya zaga harabar. Wani Bazazzagi ya zo ya ɗebi zogale, ya tambaye ni cikin ladabi ko wannan ma sai an kawo goro.

Gyaran ya ɗauki lokaci. Malam Isuhu da Baffa Jauro suka ɗaga tafiyarsu, suka koma tare da Liman suka rantse wa Alhaji cewa ba raini ba ne, wauta ce tsagwaronta. (Haka suka faɗa, kuma ni na roƙe su su faɗa.) Alhaji ya saurare su ya sallame su kawai. Nasiru ya rame. Ni kuma na daina hawa saman ɗaki da safe, har tumatirina ya bushe. Da Kawu ya dawo ya yi ta sintiri, sai da ƙyar Alhaji ya sauko, da sharaɗi guda: ranar ɗaurin aure ni zan zama wakilin ango, ba Kawu ba. Na ji hawaye ya taho mini. Na ce Allah sarki, dattijo ya yafe, har ya girmama ni.

Ranar ta zo. Masallacin unguwa ya cika har waje, an sa lasifika. Ina zaune a gaban Liman, gwiwata na gugar ta Alhaji. Liman ya yi huɗuba, ya juyo gare ni in nemi aure. Kafin in buɗe baki Alhaji ya miƙa hannu ya karɓi abin magana.

"Allah gafarta Malam, kafin a ɗaura, ina da roƙo. Wannan bawan Allah ya taɓa zuwa zaurena neman abu, muka yi ta magana ba mu fahimci juna ba. Yau ina so ya faɗa da bakinsa, jama'a su ji. Me ka zo karɓa? Kira suna."

A sahun baya aka fara ƙyaƙyatawa. Na karɓi abin magana.

"Auren Rukayya nake nema wa ƙanina Nasiru."

"Ɗaga murya, na waje ba su ji ba."

Na sake faɗa, har lasifika ta yi ƙara.

"Ita Rukayyar, mutum ce ko kayan miya?"

"Mutum ce, Alhaji."

"Yanka ta za ku yi, ko riƙe ta?"

"Riƙe ta za mu yi, Alhaji. Da amana."

Masallaci ya kece da dariya, har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Alhaji kaɗai ne bai yi ba. Ya bari aka lafa, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "To wannan amsar ta ƙarshe ita nake so a shaida. Na ba shi." A nan muryarsa ta ɗan karye, ni kuma na ce na karɓa wa Nasiru.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. In za ka roƙi abu a gidan mutane, kira sunansa tun kafin ka gama cire takalmi. Iya zagaye-zagayen magana kuwa na bar wa masu ƙwaƙwalwar riƙe abu biyu a lokaci guda. Ni yanzu ko gishiri Hajiya ta aike ni aro, daga bakin zaure nake ɗaga murya in ce gishiri na zo nema, na miya, ba kowa ba.